Ranar Da Na Farke Tambarin Turawa

Ko da zan manta komai a aikin ɗinki, ba zan manta rigunan kamfanin maganin feshi na hanyar Rigachikun ba.

Wata Talata akawun kamfanin ya sauke mini buhunan rigunan ma'aikata a shagona na Hayin Banki. Ba ɗinki yake so ba, farkewa. Kowace riga tana da ƙyalle a wuya, ɗauke da tambarin uwar kamfanin da ke Turai da rubutun cewa rigar tana kare jiki daga guba. Ya ce in cire duka.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Na ce, "Ranka ya daɗe, Turawan sun saki kamfanin ne?"

Ya yi dariya. "Ina! Nasu ne har gobe. Lauyoyi ne suka ce kada a ga hannunsu a ko'ina. Umarninsu ma yanzu sunansa shawara. In an kai ƙara, uwa ta ce 'yarta baliga ce, cin gashin kanta take."

Abin ya burge ni, wallahi. Kwana uku ina aiki da reza, ina ba abokan hira labarin wayon Turawa kamar ni na ƙirƙiro shi. Ƙyallayen kuma akawu ya kwashe abinsa.

Bayan mako biyu maƙwabcina ya shigo, mutumin Kudancin Kaduna, wanda muka yi shekara tara muna gaisawa ta katanga. A ɗakin haɗa magani na kamfanin yake aiki, fatar hannuwansa duk ta saɓule. Kamfanin nan gida ya ce ba shi da ƙarfin jinyarsa, lauyan maƙwabcin nawa kuma yana neman duk abin da zai nuna Turawan ne suka zaɓi kayan kariyar.

Ya ce, "Maƙwabci, an ce rigunanmu sun zo wurinka. Ko ɗaya ta tsira da ƙyallenta?"

Na zazzage kwandon shara, na ɗaga keken ɗinki, na leƙa ƙarƙashin tebur. Babu. Ni da nake alfahari da tsabtar aiki, ko zare ban bari ba. Kunya ta rufe ni. Bai zarge ni ba, godiya ma ya yi ya fita, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Na yi tambaya, an ba ni amsa, amma ban tambayi wa za a cuta da wannan wayon ba. Tun ranar, duk wanda ya ce in goge masa suna, sai na fara sanin wanda zai zo neman sunan.