Mai Shayi Mai Ido Guda a Tashar Gummi

Fa'iza, mai koyon aikin ido a asibiti, tana jiran motar Bukkuyum ta cika, kuma da yake ba ta iya zama haka nan, sai ta hau ƙirga: benci biyu, kofuna tara, mai shayi ɗaya. Dattijo ne siriri, idonsa na hagu a shafe, da tabo a gefe. Ta raya a ranta ko tsartsin dutse ne wurin dakan zinare.

A makon nan aka koya musu abin da ake kira ganin zurfi, wato sai idanu biyu sun haɗu a kan abu mutum ke tantance nisansa. To ga mai ido guda zai fifita tafasasshen shayi daga kofi zuwa kofi. In ya kuskure, hannunsa zai saɓule.

"Baba, sauke hannun ga!" in ji wani direba. "Fitilarka guda ce fa!"

"Kai mai biyu, wa ya faɗa rami jiya?"

Aka kwashe da dariya. Dattijon yana fara haɗa bakin kofunan, ƙwas, sannan ya ja na sama a hankali, shayin na miƙewa kamar igiya, shi kuwa ya karkata kunne yana sauraren kumfa. Sau bakwai, ko ɗigo bai zuba ba.

"Baba, yaya kake gane nisan?" Fa'iza ta tambaya.

Ya juyo mata bayan hannunsa, duk tabon ƙuna.

"Wata ukku ina toyewa, ɗiyata. Yanzu hannun ya san hanya. Da madara ko baƙi?"