Yayana Kafinta, Ka Tafi Muna Tsakiyar Farkawa

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina cikin aji ina koyarwa aka kira ni a waya aka ce ka yanke jiki ka faɗi a shagonka. Kafin in isa asibiti har an lulluɓe ka. Yaya, har yanzu na kasa gaskatawa. Kai da ka leƙo gidana da safiyar ranar kana tsokanata wai shayina ruwa ne zalla! Ba ciwo, ba jinya. Da na je shagon washegari, ƙofar da kake gogewa tana nan a kan teburin aiki, fensirinka yashe cikin garin katako.

Ka daɗe kana dattijo a ikkilisiyarmu. Bencinan da muke zama a kai hannunka ne ya ƙera su, kowa kuma ginshiƙi yake ɗaukarka. Shi ya sa muka daskare a wata Lahadi bara, da Fasto ya ce ka rufe sujada da addu'a. Ka miƙe ka ce:

"'Yan'uwa, ku gafarce ni. Na jima ina yi muku addu'a da fatar baki. A gida ba na buɗe Littafi Mai Tsarki, ba na durƙusawa. Na zama katakon da gara ta cinye ta ciki, fenti kawai ya rage. Yau ku za ku yi mini addu'a."

Matarka ta sunkuyar da kai tana hawaye. A hanyar gida na ce, "Haba Yaya, a gaban jama'a?" Ka yi dariya ka ce, "Ƙanwata, ai a gabansu na yi ta ƙaryar."

Maganar nan ta taɓa mu, domin da yawanmu jiki ne kawai ke zuwa sujada. Daga ranar ba ka ƙara ɗaukar zarto ba sai ka durƙusa a shagon. Ka shiga bin waɗanda suka daina zuwa, ba faɗa, ba gori. Ina tuna maƙwabcinka direba, wanda ya juya wa majami'a baya tun rasuwar 'yarsa. Ka je gidansa da sunan gyara masa taga, ka yi ta komawa kana zama da shi, kana sauraron fushinsa da Allah ba tare da ka katse shi ba. Ya dawo. Jiya yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinka, yana kuka kamar yaro. Taron addu'ar Laraba da ya koma na tsofaffi kaɗai, yanzu har matasa na tsayawa a bakin ƙofa.

Me ya sa sai yanzu, Yaya, da wutar farkawa ta fara kamawa? Ban sani ba. Abin da na sani shi ne, kiran Ubangiji bai same ka kana barci ba.

Allah ya ji ƙanka, ya karɓe ka cikin hutunsa ta wurin Yesu Almasihu. Ya ta'azantar da matarka da 'ya'yanka, ya ba tsohuwarmu haƙurin binne ɗanta na fari. Mu kuma da muka rage, ya Ubangiji, kada ka bar zukatanmu su sake yin sanyi. Amin.