Baƙar Ƙasar Kawu

Na dawo gida daga haƙar kuza a Jos a shekarun da zinariya ta haukata Birnin Gwari. Da yake ina jin Turanci da Gwaranci da Fulatanci, wani Bature mai haƙar zinariya ya naɗa ni helima, shugaban leburorinsa, ya rataya mini usur a wuya. Takardar izininsa ta ba shi bakin wani rafi wajen Kusasu, gonar kawuna kuma tana ciki.

Kawu bai yi gardama ba, don an ce aro ne, in an gama za a cike ramin a mayar masa. Abu ɗaya ya yi. Kafin a sa diga, ya kwashe baƙar ƙasar sama da kwando, shi da iyalinsa, ya tsiba ta kusa da inda za a haƙa, ya rufe da karan dawa. Ya ce wannan ƙasa mai kaurin taƙi biyu na hannu ita ce gonar, abin da ke ƙasa duk shimfiɗa ne.

Damina biyu ana haƙa, ana kai tsakuwa rafi ana wankewa. Da zinariya ta yi ƙasa, Bature ya ɗaure kaya. Sai aka aiko cewa jami'in gwamnati mai duba ramuka zai zo nan da kwana uku, kuma ba a sallamar wanda ya bar rami a buɗe.

Tsakuwar tana can bakin rafi, da nisa, ga nauyi. Tsibin Kawu kuwa taku goma ne daga ramin, ga laushi. Bature ya nuna shi da sanda, ya ce a fara da wannan.

Kawu ya zo a guje, fartanya a kafaɗa. "Ɗan nan, gaya masa tsakuwa ake fara zubawa. Wa ke sa miya a ƙarƙashin tuwo?"

Na faɗa wa Bature. Ko kallon tsohon bai yi ba. Ya ce ƙasa ƙasa ce, kwana uku gare shi.

Ga abin da ke cin raina har yau. Baturen nan ba ya jin Hausa, kuma da hantsi yake komawa rumfarsa. Leburori maganata suke bi. Da na ce su bi rafi tukuna, da sun bi. Amma na taɓa usur ɗin wuyana, na busa, na ce a kwashi tsibi.

"Baki huɗu gare ka," in ji Kawu, "duk babu wanda ya iya cewa a'a?"

Wani lebura Bagwari ya ajiye kwanon sarkinsa, ya ce da ni da yarensu, "Helima, abinci muke binnewa." Na daka masa tsawa.

Kafin la'asar baƙar ƙasa ta nutse zurfin gaba biyu a cikin ramin. Kwana biyu muka yi muna jibga mata tsakuwa da marmara. Jami'in ya zo, bai ko sauka daga doki ba. Ya ga wuri a baje kamar filin sallar idi, ya yaba, ya juya.

Daga baya, a hanyar Makka, na yi aikin auduga a Sudan. Can na ga irin Turawan nan suna ɗiban ƙasa a 'yan jakunkuna, ta sama daban, ta ƙasa daban, suna murzawa suna sansanawa kamar mai sayen turare. Ashe sun sani! Inda audugar tasu ce, ƙasa ba ƙasa ba ce. Gonar dawar wani tsoho a dajin Birnin Gwari ce ba ta isa a yi mata taku ɗari ba.

Kawu ya shuka dawa da ruwan fari. Ta tsiro ja, ta kai idon sawu, ta tsaya. Da rani ya ɗauki diga shi kaɗai, ya sake haƙa gonarsa, yana neman ƙasarsa yadda muka nemi zinariya. Na je in taya shi, ya ce, "Koma, helima, kada usur ya yi tsatsa." Abin da ya iya fitarwa bai wuce faɗin tabarma uku ba. Nan ya shuka kuɓewa da barkono har ya rasu, hatsi kuwa sai a gonar aro.

Bara na bi ta wurin. Har yanzu sanƙo ne, shanun Fulani ma ba sa tsayawa. Amma a tsakiya akwai ɗan kore, faɗin tabarma uku.