Baba Na'iya Mai Fito Da Ɗakinsa Na Kan Ruwa

Duk wanda ya taɓa sammakon ƙetare gulbi a mashigin yamma da Kebbe ya san ba ya tarar da Baba Na'iya a cikin jirgi. A bakin gaɓa ake samunsa. Da ya idar da sallar asuba sai ya saɓi tulu ya bi 'yan itatuwan da ya dasa yana ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa ya tsince gwangwanaye da ledojin da 'yan kasuwa suka watsar jiya. Gwangwanin ya huda gindinsa, ya cika shi da ƙasa, ya tura irin ɗorawa ko ƙwallon mangwaro. Sai ya gama wannan zai ɗauki gorar tuƙi ya ce, "To, bisimilla, ku shigo."

Shekara talatin da shida ke nan yana fito. A watan jiya aka buɗe sabuwar gada, shi kuma ya ce gwiwa ta gaji, ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a ba shi takardar yabo ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mun san zamanin da muke ciki. Tun da aka ba mu jiharmu kuɗin mai suka shigo, kowa ya raina abin gida. An ajiye ƙwarya an ɗauki roba, an sare giginya an sayi kwanon rufi. Wani mai hali ya taɓa kawo wa Baba Na'iya inji kyauta ya ɗaura wa jirginsa. Ya yi godiya, ya gwada kwana biyu, ya ga mai yana malala a kan ruwan da mata ke ɗiba, ya kwance shi ya mayar.

Abin da mutanen mashigi suka fi tunawa shi ne ranin shekarar 1978. Ruwa ya ja baya, kifi ya taru a wani wuri mai zurfi. Sai ga Alhaji Ɗanmaliki, wani ɗan kwangila da zai aurar da 'ya, ya zo da jarkar maganin ƙwarin auduga. Nufinsa a zuba a ruwan, kifi ya taso, a kwashe a yi biki. Ya ce Baba Na'iya ya kai shi tsakiya.

Baba Na'iya bai ɗaga murya ba. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya miƙa masa.

"Alhaji, ɗiga maganin ga nan ciki ka sha tukuna."

"Kai Na'iya, kashe ni za ka yi?"

"Ashe ka sani. Ƙauye fuɗu ka shan ruwan ga ƙasa da mu, da ɗiyansu da bisashensu. Ni ba ni kai ka, kuma ina nan zaune."

Ya tura jirginsa tsakiyar wurin, ya kafa gora, ya zauna cikin rana tun hantsi har la'asar. Masu jiran fito suka taru, labari ya kai ga sarkin ruwa. Alhaji ya ga idon jama'a, ya mayar da jarkarsa mota. Washegari Baba Na'iya da kansa ya haɗa masunta, suka kama masa kifin biki da taru, suka sake ƙananan.

Damina biyu bayan haka gulbi ya yi ambaliya. Gaɓar hayi ta zube da gonakin da ke kanta. Gaɓar da ya shekara ashirin yana dasa wa itace ta tsaya, saiwoyi suka riƙe ƙasa. Waɗanda ke ce masa mai wahalar banza, su suka fara zuwa roƙon dashe.

Ni kuwa ta hanyar hutu na san shi. Ina koyarwa a Tambuwal, abokan aikina suna ta zancen zuwa Ikko idan an rufe makaranta. Sai na ji labarin wani ɗaki da ke yawo a kan ruwa. Baba Na'iya ya haɗe manyan jirage biyu, ya shimfiɗa katako, ya kafa rumfar zana, ya rataya asabari a ƙofa. A ciki akwai tabarmi da randa da ɗan murhu a kan kasko. Na ɗauki mai ɗakina Hindatu, tana ta tsoro, muka tafi.

Kwana uku muka yi, ban taɓa hutawa irin wannan ba. Da safe jirgi na tafiya a hankali tsakanin furannin bado, tsuntsayen kirinjijiya na tashi garke-garke. Inna Lauratu, matarsa, ta ƙunso mana dawon fura a ganye, ana saka goran fura cikin gulbi ya yi sanyi. Da rana mu tsaya ƙarƙashin ɗorawa a gasa kifi da busasshen kara, don Baba bai yarda a karya ɗanyen reshe ba. Hindatu da ta shiga tana salati, rana ta biyu ita ke roƙon a ba ta gora ta gwada tuƙi.

A nan na ji kunyar da ba zan manta ba. Na gama shan shayi, na wurga gwangwanin madara a ruwa. Baba ya bi shi da ido. Ya juya jirgi, ya bi gwangwanin har ya kamo shi, ya ɗauraye, ya ajiye a gefensa.

"Baba, ka gafarce ni," na ce.

"Ba komi, Malam. Mangwaro zan sa ciki. In kun tashi tahiya ka tahi da shi."

Mangwaron yana tsakar gidana yanzu, ya wuce tsawona.

Baba Na'iya, kai ne ba ka taɓa shiga aji ba amma ka karantar da malamin makaranta. Kai ne ka nuna mana cewa tsare ruwa da itace ba aikin ma'aikatan gandun daji ba ne kaɗai, aikin duk mai sha ne da mai neman inuwa. Na Lauratu, gwanin fito, ka ƙetarar da dubban mutane, ba a taɓa kuka da kai ba.

Da na je gaishe shi makon jiya na tambaye shi ko yana baƙin cikin gada. Ya yi dariya.

"Don mi? Gada ta ɗauke mani masu sauri. Yanzu sai masu son ganin gulbi, su nika jira."

Ɗakin kan ruwa yana nan, ƙanensa Atu ke tuƙawa, Baba na zaune gaba yana nuna hanya. Masu tanadin hutu, ku gwada kwana biyu a can kafin ku nufi nesa. Wanda bai samu zuwa ba, ya dasa itace ɗaya a ƙofar gidansa kafin daminar bana ta wuce, ya kuma daina zuba shara a magudana.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka ci 'ya'yan itatuwanka shekaru masu yawa, ya sa inuwar da ka bar wa mutane ta zame maka inuwa ranar gobe.