Allon da Aka Ce Baibai Ne

Har gobe ba zan manta da Larabar da Oga Pam ya ɗaga takardata a gaban ma'aikata yana dariya ba. Lokacin ina cikin wata na uku a shagonsa da ke kusa da Tina Junction, inda muke haɗa na'urar da ke kashe injin ruwa in tanki ya cika. Wata uku ne wa'adin gwaji. Wanda ya fitar da allo mai aiki da hannunsa a ba shi benci, wanda ya kasa a sallame shi. Ni kuwa tun zuwana ba abin da aka bar mini sai shara da amsa waya.

Ga wanda bai san aikin ba, allon da muke yi fuska ɗaya ce ke da jan ƙarfe. Kayan wuta suna zama a sama, ƙafafunsu su bi huji su leƙo ƙasa, inda siraran hanyoyin jan ƙarfe ke haɗa su. Hanya ba ta ƙetare hanya. In ka rasa mafita sai ka ɗora 'yar waya ta sama, muna ce mata gada, kuma yawan gada abin kunya ne. Kwana tara na yi a kwamfuta ina jujjuya kaya kamar mai neman wa keke hanya a lungun Anguwan Rogo, har na sauko daga gada bakwai zuwa ɗaya.

Shi Oga Pam da maka, wato alƙalami mai kaurin tawada, yake zana nasa kai tsaye a kan jan ƙarfen, kuma hannunsa ba ya rawa, wannan kam ba a ƙwace masa. Ni a takarda mai sheƙi na buga nawa, don in kifa ta a kan allo in bi da dutsen guga, tawadar ta koma can. A kusurwa na sa sunana.

"Rakiya, wetin be this?" in ji shi. "Ka yi shi baibai! Ko sunanka ba ya karantuwa. Je ka juya shi."

Oga bai taɓa bambanta "ka" da "ki" a Hausarsa ba, mun saba. Dariyar ce ta ƙona mini rai.

"Oga, daidai yake. In na kifa shi, zai juya da kansa."

"Allo ɗaya ya rage a shagon nan. In ka ɓata shi, ka san hanyar gida."

"Na sani, Oga. Amma ba zan juya ba."

Ni fa 'yar tela ce. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana zana alli a bayan yadi, wanda bai sani ba ya ce an ɓata wa mutane kaya, sai an ɗinke an juyo.

Ina jona dutsen guga aka ɗauke wuta. Wani ya ce, "Allah ya rufa miki asiri, bar shi sai gobe." Ban ko kalle shi ba. Na tari keke na je gida na ɗauko dutsen gawayin Baba. Na kankare allon, na kifa takardar, na danne da iya ƙarfina, sannan na jiƙa a ruwa na murje takardar da yatsa. RAKIYA ya fito sarai, ko ɗan aji ɗaya zai karanta.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Hanya ɗaya ta gefe ta yanke, giɓin bai wuce ƙwayar acca ba, amma ya isa ya kashe allon. A shagon, maka ɗaya ce ke jure ruwan da ake tsoma allo ya cinye jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, tana kuwa aljihun Oga. Na je gabansa na miƙa hannu.

Ya karɓi allon ya juya shi, ya ƙirga inda ƙafafun za su zauna, ya sake ƙirgawa. Sai ya cire murfin makar zai cike giɓin da kansa.

"Allona ne, Oga," na ce.

Sai ya miƙo mini makar, na cike giɓin.

Kafin la'asar na tsoma allon a ruwan, na huda, na liƙe kayan da dalma. Muka haɗa shi da batiri, muka sa wayoyin auna ruwa a bokiti ina zuba ruwa a hankali. Ruwa na taɓa wayar sama muka ji ƙas, allon ya kashe wuta.

Oga ya share kayan da ke kan bencin kusa da taga. "Gobe ka zo da dutsen nan," ya ce, "ka nuna mini."

Abin da nake gaya wa sababbi ke nan: a sana'ar nan kowa daga gefen da ya saba yake kallon allo, har manya. In ka duba naka sama da ƙasa ka tabbatar, kada tsawa ta sa ka juya shi, amma ka sani wata rana za ka nemi makar wanda ya yi maka tsawar. Tasa tana aljihuna har yau. Bai tambaya ba, ni ma ban mayar ba.