Abu Sarmad da Kwalin Wayoyi

Abu Sarmad ba ya buɗe kwali. Ko na dabino aka kawo masa tsaraba, sai ya ja da baya ya ce wa matarsa, "Ummu Sarmad, zo ki ga abin da aka kawo miki." Duk unguwarmu a Bagadaza an san haka, kuma ba mai tsokanarsa a kai, alhali a kan komai tsokanarsa muke yi.

Sunansa na yanka Naji. Jar bas mai hawa biyu ya tuƙa tun yana saurayi har ya yi furfura, amma ba wanda ke ce masa direba. Mai tattabaru ake ce masa, kuma a garin nan wannan ba yabo ba ne. Tun kaka da kakanni ake cewa ba a karɓar shaidar mai tattabaru, wai yana leƙen gidajen maƙwabta daga saman bene, wai yana janye tsuntsun wani ya rantse bai gani ba. Naji bai taɓa leƙen kowa ba. Zancen janye tsuntsu kuwa, to, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Asalin tattabarun na wansa Hikmat ne. A shekarun da bama-bamai ke tashi ba dare ba rana, wata Juma'a suka tafi kasuwar tsuntsaye ta Gazil su biyu. Wani ya ajiye kwali mai huji-huji, irin wanda ake sa tsuntsu, mutane suka kewaye shi su ga me aka kawo. Hikmat ya sunkuya. Naji yana can baya, ya hango wata jar waya ta leƙo ta ɗaya daga hujin, ya buɗe baki zai yi magana, bai samu ya yi ba. Ya dawo gida ba Hikmat, da kunne ɗaya da ba ya ji, ya hau bene ya ba tsuntsayen wansa abinci. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Ya sa musu 'yan ƙararrawa a ƙafa, don ya riƙa jin saukarsu da kunnen da ya rage.

Sai gwiwa ta ce ba ta san wannan ba. Likita ya ce aiki za a yi, kuma bayan aikin shi da matakala sai bayan watanni. Ummu Sarmad tana da asma, ƙurar fuka-fukai kaɗai ta isa ta kai ta asibiti. Abokansa masu tattabaru kuwa, ai ya fi kowa sanin halinsu, in ya ba su mabuɗi zai dawo ya tarar da kejin wayam. Ɗansa Sarmad, wanda ke zaune can ƙetaren kogi, bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Yaba," in ji shi, wato baba, "a sayar da su. Ko kuwa mutum-mutumi za ka saya ya riƙa hawa yana ba su gero?"

Da gatse ya faɗa, amma uban ya riƙe maganar. A gidan shayi wani ya nuna masa a wayarsa yadda mutane ke haɗa 'yan na'urori a gida don sha'awa, wata tana tafiya da taya, wata tana buɗe marfi ta rufe a kan lokaci. Ruwa dai ba damuwa, akwai famfo mai ɗiga a kwano. Hatsi ne matsalar. Washegari ya dogara sanda ya nufi kasuwar kayan lantarki ta Babush Sharji, alhali shi ko fitilar gida ta mutu maƙwabci yake kira.

Shagon da aka kwatanta masa na wata injiniya ce, Sitt Rafal, mace mai gilashi da saurin magana. Ta saurare shi har ya gama, ba ta yi dariya ba, ta jera masa abubuwa uku a kan tebur.

Na farko 'yan bulo ne na roba masu launi, ana harɗa su kamar wasan yara, duk wayoyin a ɓoye suke. Nan take ya ɗora hannu a kai.

"Wannan nake so, 'yata. Naɗe min."

"Ammu," in ji ta, wato baffa, "a saman bene? A watan Yuli? Kafin azahar ya lanƙwashe kamar alewa. Na ɗaki mai sanyi ne, kuma ba shi da ƙarfin ɗaga marfin da hatsi ya danne."

Na biyu wata 'yar kwamfuta ce tsirara, ta ce tana da wayo ƙwarai, amma in wutar gwamnati ta ɗauke kafin janareton unguwa ya tashi tana iya rikicewa, kuma sai ya yi watanni yana koyon yarenta. Na uku wani ɗan allo ne shuɗi, bai kai tafin hannu ba.

"Wannan dolo ne," in ji ta, "shi ya sa ya dace da mai fara koyo. Abu ɗaya za ka gaya masa, ya yi ta yi har ya mutu. Yana jure zafi in ka sa shi a inuwa, in ka ƙona shi ka sayi wani ba ka yi kuka ba. Zan zuba maka umarnin farko, sauran ka koya a hankali."

Ta ajiye ɗan agogo a gefensa, da batir, da ɗan injin da zai juya marfi, sannan ta kwance damin wayoyi, ja da baƙi. Abu Sarmad ya ƙura musu ido. Gumi ya keto masa duk da fankar da ke kansa.

"Agogo," ya ce a hankali. "Batir. Waya."

Sitt Rafal ta cire gilashinta. "Na sani, Ammu. Duk wanda ya kai shekaruna a garin nan ya san abin da kake gani. Amma gero zai zuba, ba wani abu ba."

Ya sake kallon 'yan bulon masu launi, kallon ban kwana. Ya tuna in suka narke yana kwance, tsuntsayen Hikmat za su kwana da yunwa, daga nan sai kasuwar Gazil. Ya nuna allon shuɗi da sanda, don hannunsa ya ƙi zuwa. Ta zuba komai a farar leda mai nuna abin ciki, ta sa rasit, ta ja masa kunne.

"Riƙe ta a sarari kowa ya gani. Kada ka ɓoye, Ammu. Wanda ya ɓoye shi ake tsoro."

Ya ce to. Amma bai yi nisa ba ya ga kamar duk kasuwar ledar take kallo. Wata mata ta janye 'yarta daga kusa da shi, wataƙila ma don sandarsa ce, shi dai zuciyarsa ta riga ta gama yanke hukunci. Ga wayoyin suna lilo a gefen ƙafarsa, shi kansa ba ya son ganinsu. Ya roƙi wani mai tebur a bakin titi ya ba shi kwali, ya cusa ledar, ya rufe ya ɗaure da igiya. Rufewa dai ba ta taɓa yi masa wuya ba. Bai tsaya ya lura cewa kwalin 'yan tsaki ba ne, mai huji-huji.

Ya shiga ƙaramar bas ya ɗora kwalin a cinya. Suna isa shingen bincike na bakin gada motoci suka yi layi. Matar da ke kusa da shi, wata dattijuwa mai baƙar abaya da ledar burodi, ta fara salati ƙasa-ƙasa. Ta ɓangaren mataccen kunnen take, bai ji ba, sai da ta ƙwala ihu.

"Waya! Waya a kwali! Wayyo Allah, ku buɗe ƙofa!"

Kafin ka ce me, bas ta zama kango. Direba ya dire ta taga, ya bar takalmi ɗaya. Abu Sarmad ya sunkuyar da kai, sai ga jar waya ta leƙo ta huji. Shi ya saya, shi ya zuba da hannunsa, ya sani sarai, amma jikinsa bai sani ba. Mataccen kunnen ya ɗauki ƙara irin ta ranar nan, har warin gashin tsuntsu da ya ƙone ya ji a hancinsa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don wannan karon shi ne mai kwalin.

Wani hafsa ya ɗaga murya daga bayan katangar siminti, bindigogi sun juyo.

"Hajji! Sauko a hankali! Ajiye shi a tsakiyar titi! Me ke ciki?"

Ya sauko da ƙyar. "Sayyidi, kayan ba tattabaru abinci ne. Wallahi tallahi."

"Mai tattabaru ne ma!" wani ya yi ihu daga cikin taron da ya ja can nesa. "Kada ku yarda da rantsuwarsa!"

"Ina takardar shago?" in ji hafsan.

Tana cikin kwalin, ina kuma za ta kasance?

"To buɗe da hannunka. A hankali, ina ganin yatsunka. In ka ƙi, mu kira masu kwance bam su tarwatsa shi, kai kuma ka bi mu."

Ya durƙusa a kan gwiwoyin da likita ya hana shi durƙusawa, kwalta tana ƙuna. Ya yi ta fama da igiyar har ta kwance. Ya sunkuya a kan kwalin daidai yadda Hikmat ya sunkuya, ya san haka, hawaye suna ɗiga a kan marfin. Ya yi kalmar shahada, ya runtse ido, ya ɗaga. Bai ji komai ba sai hon ɗin motoci can a kan gada. Ya buɗe ido ya ɗaga farar ledar sama da hannu biyu.

Hafsan ya zo ya juya allon, ya karanta rasit, ya yi tsaki mai tsawo. "Hajji, Allah ya shirye ka. Ka kusa kashe mu ba tare da bam ba." Dattijuwar ta dawo tsintar burodinta, ta wanke Abu Sarmad tas da zagi, ta haɗa har da tattabarun da iyayensu. Bai ga laifinta ba, don ya san abin da ta gani. Tashi ya gagare shi, sai da hafsan ya ɗago shi ta hammata.

Tun daga ranar bai ƙara ɓoye ko guntun waya ba. A ƙofar gida ya kafa tebur, da rana tsaka, kowa na wucewa yana gani. Ya ƙona allo ɗaya, ya ƙona yatsa biyu da dalma, ya dami Sitt Rafal da waya har ta haddace lambarsa. Mu kuma muka samu abin yi: "Injiniya Abu Sarmad, yaushe za a harba kumbon?" Ya haɗa abin a cikin babbar kwalbar gilashi, don duk mai shakka ya leƙa. Har ya fara zancen in ya warke zai haɗa mai taya. Ana gobe za a kwantar da shi ya ja jiki ya kai kwalbar sama, ya ɗaura a ƙarƙashin rumfa. Ta yi aiki, tsuntsayen suka ci, amma yana tsaye yana yi musu fito.

Sarmad ya yarda ya ba su da hannu kwanakin asibiti kawai. Safiyar da aka wayi gari uban yana gida, ya zo da kwalaye ya jingine a zaure.

"Yaba, yau ban ba su komai ba. In ba su ci daga kwalbarka ba, Juma'a zan kai su kasuwar Gazil. Ba zan bari su mutu a kan taurin kanka ba."

An sa wa Abu Sarmad gado a gindin matakala. Ya juya lafiyayyen kunnen sama, ya ƙanƙame bargo. Lokaci ya yi. Daga sama aka ji ɗan inji ya yi ƙara, hatsi ya zubo a faranti, sai fuka-fukai suka tashi gaba ɗaya, fir, a firgice. Daga nan shiru. Ya so ya yi fito, leɓɓansa suka ƙi haɗuwa. Sarmad ya kalli kwalayensa, ya kalli ƙasa. Shirun ya yi tsawo har Ummu Sarmad ta fara share ido da gefen mayafi.

Sai ƙararrawa ɗaya ta sauka a kan kwano. Ta tsaya, ta matsa. Wata ta biyo. Can sai bakuna suka fara ƙwanƙwasar faranti, kamar yayyafi ya fara.

"Abu Sarmad, ka ji?" in ji matarsa. "Ka ji su?"

"Yi shiru mana, baiwar Allah," ya ce, hawaye na gangara masa cikin kunne. "Kunne guda ɗaya gare ni."