Ɗiya Biyu a Katin Inna

Idona na dama ya mutu ina ɗan shekara bakwai. Baƙon dauro ne ya ci shi, a bazarar da masu agaji suka zo ƙasarmu ta Bukkuyum. Maganin yana cikin kwali a kan tebur, bai fi taku goma daga inda muke tsaye ba.

Ni ne ɗan farin Inna. In kai ɗan birni ne, bari in gaya maka abin da hakan yake nufi a wurinmu a lokacin. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, uwar Baba, a can na tashi. Gida ɗaya muke da Inna, danga ce kawai tsakani, amma in tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kirawo wancan." In ta dafa wake takan ajiye ƙwarya a bakin dangar ta wuce, kamar mantawa ta yi. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba. Kunya ce, kowa haka ya tashi. Kaka kuwa mijinta take ce mini. "Maigida, yau ma ba cefane? Ni dai na yi zaɓen tumun dare."

Daminar shekarar ta ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba. Kafin zafi ya kankama rumbuna sun yi ƙasa, Baba ya tafi cirani Kudu. Ƙasar tsakar gida tana ƙona tafin ƙafa, guga na fitowa daga rijiya da laka, abin da ake ci bai wuce busasshen ganyen tafasa da ɗan ƙuli ba. A kan haka baƙon dauro ya shigo, yana bi gida gida.

Sai ga fararen motoci biyu. Aka ce wani coci ne a ƙasar Turawa ya tara taimako, ya haɗa hannu da wata ƙungiyar Musulmi ta birni, don sun san in su kaɗai suka zo ba mai karɓa, ga shi ba a daɗe da kafa shari'a ba. Dattawa suka yini biyu suna gardama a gindin tsamiya. Kakana, uban Baba, ya ce, "Wanda yab ba ka tuwo yau, gobe shi ka nuna maka alƙibla." Liman ya ce tunda hannun Musulmi ne ya miƙo, halal ne. Yunwa ce ta raba gardamar.

A ƙofar gidan maigari aka yi rajista. Mata suka yi layi, maza na zaune a kan tabarmi suna kallo, har da kakana. Mutum uku ne a tebur: wata Baturiya da zafi ya mai da ita ja, wata nas Kirista da ta zo aiki daga wata jiha, sai mutumin ƙungiyar birni, mai farar riga da ƙamshin turare. Shi ke riƙe da littafi. Kati na uwa ne da 'ya'yan da ta haifa. Tsofaffi aka ce su koma gefe.

Da layi ya zo kan Inna ya ce, "Ɗiya nawa gare ki?"

Ta dubi ƙasa. Surukinta na zaune, ga maza.

"Biyu."

Ya rubuta biyu, wato ƙanwata da mai bi mata. Ina jingine da Kaka ina ji, ban damu ba. Da uku ta ce, shi ne zan yi mamaki.

Baturiyar ban riƙe ta da wannan ba, ina ta san kunya? Amma mai farar riga Bahaushe ne, a ƙasar nan aka haife shi, ya san yadda uwa take ƙirga 'ya'yanta a gaban suruki. Tambaya ɗaya ce ta rage masa: ban da na ɗakin kaka? Bai yi ta ba. Rana ta take, yana son ya kai gari na gaba.

Mako bai cika ba ciwon ya kama mu, mu ukun. Masu agajin sun kafa wurinsu a makarantar firamare ta garin gaba, tafiyar safe zuwa hantsi. Suna ba yara garin kunu, da wata jar ƙwaya mai mai a ciki, ana tsinke wutsiyarta a matsa wa yaro a baki don kada ciwon ya taɓa ido. Ƙannena suka samu, suka miƙe. Ni ba ni a kati. Idanuna suka kumbura suka manne. Kaka ta ɗiga mini ruwan ganye, ta zizara kwalli. Ba zan ɓoye ba, wataƙila wannan ma ya ƙara.

Wata safiya Inna ta shigo ɗakin Kaka. Ta ɗauke ni ta goya. Ƙato da ni, ƙafafuna na bugun gwiwoyinta. Ban san ƙamshin jikinta ba sai ran nan: hayaƙi ne da daddawa. Kaka ta biyo mu da sanda.

Ba na gani, amma na ji komai. Na ji mai farar riga ya juya katin.

"Kati ya ce biyu. Wanga na ukun daga ina?"

Kaka ta ce, "Nata na, Alhaji. Na fari na."

"Tsohuwa, ba ke nit tambaya ba. Jiya ma an zo muna da ɗiyan aro. Kayan ga amana ta, bayin Allah sunka tara daga nesa. In nata na, ta hwaɗi da bakinta, ta kira sunanai."

Kowa a layin ya juyo. Matan ƙauyenmu suna ciki, har da Goggo, yayar Baba. Ƙirjina na manne da bayan Inna. Sannan ta faɗa, can ƙasa.

Mai farar riga ya ce, "Ban ji ba."

Ta ɗaga murya ta sake. Sunana, daga bakin Inna. Ina ta tunanin ashe ta san shi.

Sai ya ce, "To, na yarda. Amma littahi ya tahi birni. Sai an aiko sabon kati."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "To don mi kas sa ta tsiraita kanta? Allah ya isa!"

Baturiyar ta zo ta tambaye shi da Turanci, ya amsa mata da Turanci. Abin da ya gaya mata, har yau ban sani ba. Na ji wani abu ya yi ƙyas a kusa da fuskata. Kaka ta ce hotona ta ɗauka. Hoto bai nemi kati ba.

Mun juya mun kai bayan katangar makarantar, sai ga takun gudu. Nas ɗin ce, da Hausarta a karye.

"Mama, tsaya. Buɗe bakinsa."

Na ji ɗigo mai ƙarni a harshena.

"Ɗaya kawai na iya ɗauka. Kada ku sake sa masa komai a ido."

Ta koma da gudu. Ita kaɗai nake yi wa addu'a a cikinsu, ban san sunanta ba.

Bayan kwana huɗu idon hagu ya buɗe. Na dama ya buɗe fari fat. Kasuwa biyu ta ci kafin sabon kati ya zo, an rubuta uku. Kunun nasu na sha, ba zan yi ƙarya ba, yana da zaƙi.

Inna ce ta ɗauki sauran wahalar. Goggo ta kai labarin gida tun kafin mu iso. A bakin rijiya mata na ganinta sai su rufe baki da gefen zane. Aka ce ta kira ɗan fari a gaban maza kamar 'yar bariki. Kakana ya yi wata bai amsa gaisuwarta ba. Ba wanda ya ce mai farar riga ya yi laifi. Ranar da masu agajin za su tafi aka taru, liman ya yi addu'a, Baturiyar ta yi tata, maigari ya ba su rago.

Yanzu amaren zamani suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira a tsakiyar kasuwa, ba mai waiwaye. Na ji daɗin haka. Masu agaji kuwa sun ƙaru yanzu, tunda ƙauyuka sun watse. Wasu sun ce na yanzu suna da kirki. Mai yiwuwa. Ni in na hango farar mota da tebur, nakan sake hanya.

Ina Gummi, ina facin taya a bakin tasha. Inna tana wurina a ɗakin baya, ta tsufa. Tun ranar nan ba ta sake kiran sunana ba, ni ma ban nema ba.